Asahel Thayer, Mai Gudumar Ashbrook

Haihuwarsa

An haifi Asahel Thayer a ranar tara ga watan Afrilu na shekarar 1751, a garin Ashbrook da ke yammacin Massachusetts. Mahaifinsa, Eliyakim Thayer, majemi ne, mahaifiyarsa kuwa Damaris ce, 'yar gidan Colton. Shi ne auta cikin 'ya'ya shida, waɗanda biyu kaɗai suka rayu, wato shi da babbar yayarsa Tirza, wadda ta ba shi shekara goma sha ɗaya. Damaris ta rasu tun yana rarrafe, don haka Tirza ce ta yaye shi da kunun masara, ita ta koya masa tafiya, kuma Auta take kiransa har bayan ya yi gemu.

Karatunsa da koyon sana'a

Ya yi makarantar gari ta lokacin sanyi, inda malaminsa ya shaida cewa ba shi da haƙurin rubutu, amma muryarsa tana kaiwa har bakin rafi. A shekarar 1765 aka kai shi Salem wurin wani mai gwanjo. Tirza ce ta ɗinka masa rigar tafiya da tsohon bargon mahaifinsu. A can ya koyi sayar da sukari da katako da kayan jirgin da ya nutse, ya kuma riƙe ƙa'idar sana'ar, cewa mai riƙe da guduma ba ya taya kaya. Ya komo gida a 1773, dattawan gari suka naɗa shi mai gwanjon Ashbrook. Tun daga lokacin yake da wata magana da ba ta rabuwa da bakinsa, wai guduma ba ta da dangi. Jama'a sun yaba masa a kanta, shi ma ya yi alfahari da ita fiye da kima.

Aurensa da shekarun yaƙi

A 1775 ya auri Lusina Warner, mace mai tsafta da tattali. Bai tafi yaƙin neman 'yanci ba, saboda dattawa sun ce gari ba zai zauna babu mai gwanjo ba. Mijin Tirza, Yotam Bliss, ya tafi, ya dawo da tari da takardun kuɗin gwamnati waɗanda ko kaza ba su saye. Da jiha ta tsananta haraji a 1786, ta ce sai da azurfa, gonar Yotam na cikin waɗanda aka ƙwace, kuma Asahel ne ya yi gwanjonta, tun daga shanu har tukunyar ƙarfe. Ba a samu wanda ya ce ya yi maguɗi ba. Yotam ya rasu kafin shekara ta zagayo. Tirza, da yake ba ta da ɗa rayayye, ta shiga bin gidaje tana kaɗin ulu don abin sawa a baki, ba ta kuma taka ƙofar ƙanenta ba, shi ma bai aika ba.

Gwanjon shekarar 1791

Wannan babi bai da daɗin rubutawa, amma tarihi ba ya cika in an tsallake shi.

Idanun Tirza suka yi rauni, ta faɗa hannun gari. Doka ta ɗora ciyar da matalauci a kan iyayensa ko 'ya'yansa, ba ta ambaci ƙane ba. Saboda haka a taron gari na watan Maris, bayan an gama maganar gada da albashin fasto, aka fito da matalautan gari kamar yadda aka saba, domin a ba da riƙon kowane na shekara guda ga wanda zai karɓi kuɗi mafi ƙanƙanta daga asusun gari. Aka zagaya da barasa don bakin masu tayi ya saki. Tirza ce ta uku.

Asahel yana da damar miƙa gudumar ga wani ya sauko. Ya dubi taron, ya ga ana kallonsa a ga ko zai ja da baya, sai ya gyara murya.

"Gwauruwar Yotam Bliss. Tana kaɗi, tana wanki, ba ta da yawan ci. Wa zai fara?"

"Faɗa musu haƙorana nawa, Auta," in ji Tirza. "Kar ka rage wa gari talla."

Aka fashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Sule biyar a mako, in za ta bar bakin nan a gida!"

"Sule huɗu!"

"Uku da sisi. Ai ba ta gani, ba za a ɓata kyandir ba."

Obadiya Stoddard, wanda kowa ya san da ƙididdiga yake ba iyalinsa wake, ya ɗaga yatsa. "Sule biyu."

"Haba, Obadiya," wani dattijo ya ce, "ko alade ba ya rayuwa a sule biyu."

"Alade ba ya kaɗi, Baba."

Asahel ya jira fiye da yadda ya saba jira. Babu wanda ya rage. Ya buga guduma ya ce ya sallama. Tirza ta ɗauki ƙullin kayanta ta bi keken shanun Obadiya. A ranar ce kuma aka zaɓi Asahel ma'ajin gari, saboda an tabbatar ba shi da son kai.

Gwanjon shekarar 1793

Shekara biyu Tirza ta yi a ɗakin saman Obadiya, inda dusar ƙanƙara ke shigowa ta rufi, domin a gwanjon shekarar da ta biyo ma shi aka sallama wa. Asahel ne da hannunsa yake biyan kuɗin riƙonta daga asusun gari. Ran Lahadi yakan hango ta a bencin matalauta da ke bayan majami'a, ta rame, yatsunta sun tsage, sai ya sunkuyar da kai a kan littafin waƙa. Gidan Obadiya bai fi tafiyar shan iska daga nasa ba. Lusina ta sha ce masa, "Maigida, ga ɗaki nan babu kowa. Ka ɗaura wa doki sirdi ka je ka roƙe ta." Shi kuwa sai ya ce akwai yarjejeniya tsakanin gari da Obadiya, abu kuma yana da ranarsa. Gaskiyar ita ce, mutumin da ya saba magana daga kan dandamali bai san yadda ake ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Da Maris na 1793 ya zo, aka kira sunan Tirza, Asahel ya miƙa gudumar ga dattijon majami'a, ya sauko cikin masu tayi. Obadiya ya ce sule biyu kamar kullum.

"Zan riƙe ta kyauta," in ji Asahel, da muryar nan tasa mai kaiwa bakin rafi. "Kada gari ya biya ko kwabo."

Jama'a suka ɗauki tafi, wasu har da buga ƙafa. Guduma ta sauka. Ya nufo ta yana murmushi, hannu a miƙe.

"Yaya, zo mu tafi gida."

Ba ta karɓi hannun ba. "Duk ranakun da Allah ya yi a shekara ba su ishe ka ba, sai ranar kasuwa?"

"Yaya, ai na so ne kowa ya shaida."

"Sun shaida. Da ka zo ka same ni a bakin murhu, ka ce Yaya na yi laifi, da ko a ƙafa ne na biyo ka. Amma ka taya, an sallama maka. To, ranka ya daɗe, ina keken yake?"

Zamanta a gidansa da rasuwarta

Ta zauna a gidansa kusan shekara uku, zaman wadda gari ya ba da riƙo. An gyara mata ɗaki mai murhu, ta ɗauki bargonta ta koma kusa da madafa. Ba ta cin abinci sai ta kaɗa ulun yini, ba ta kuma zama a teburin iyali. Da yaran gida takan yi wasa da dariya, ita da Lusina kuma har hira suke yi, amma in ya shigo sai ta miƙe tsaye ta ce, "Maigida yana da aiki?" Ya roƙe ta a ɓoye, ya roƙe ta a gaban fasto, amsarta ba ta sauya ba, wai abin da aka saya a bainar jama'a ba ya komawa kyauta a ɗaka.

Ta rasu a watan Janairu na 1796. Ta bar wasiyya a bakin fasto cewa gari ya binne ta, tun da ta gari ce. Aka sa ta a kusurwar matalauta, can bayan maƙabarta, inda ba a kafa dutse.

Ƙarshen rayuwarsa

Asahel ya ajiye muƙamin ma'ajin gari a wannan shekarar, asusu cif, ba a nemi ko kwabo an rasa ba. Ya ci gaba da gwanjon filaye da dabbobi har ya tsufa, amma duk taron Maris, da an zo kan matalauta, sai ya ɗauki hularsa ya fita ya tsaya wajen dawakai. Sau uku yana kawo shawarar a daina al'adar, sau uku ana kayar da ita, domin ita ce mafi sauƙi ga masu biyan haraji, kuma kullum akan samu wanda zai tuna masa cewa shi ya fi kowa iya ta.

Rasuwarsa

Ya rasu ranar sha bakwai ga Nuwamba na 1819, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin da takwas. Abu guda ya roƙa, a binne shi kusa da yayarsa. Dattawa suka zauna a kan maganar, suka yanke cewa kusurwar nan ta waɗanda gari ya ciyar ce, shi kuwa bai taɓa cin kwabon gari ba, kuma ba zai kyautu a wulaƙanta tsohon ma'aji ba. Aka binne shi a sahun gaba, daura da ƙofar majami'a, ƙarƙashin farin dutse mai tsawo.

Ya bar matarsa Lusina da 'ya'ya biyar: Silbanus, ɗan kasuwa a Albany, Damaris, matar Enos Field, Eliyakim, wanda ya tafi Ohio, Gad, majemi kamar kakansa, sai Roda, wadda ta zauna a Ashbrook, ita ce kuma ke cire ciyawar kaburburan biyu, takan fara da na can baya. Allah ya ji ƙansu duka.