Daɓen da Gwamnati Ta Auna

Ana kiran assalatu muka bar unguwarmu Sharafiyya a Jidda, ni da direban motar da ke kai wa mahaƙa shinkafa da gwangwanin tumatir. Ku matan ajinmu na yaƙi da jahilci da kuka dame ni da ina na shiga, ga labarin na rubuta da hannuna. Wadda ta ga harafi ya karkace, ta miƙe shi a zuciyarta.

Direban ne ya kawo min saƙo da baki daga matar ɗana: Inna ki zo, an tsare baban yara. Ɗan fari ne, don haka kada ku jira in rubuta sunansa. Gadi yake yi a wata tsohuwar mahaƙar zinariya can cikin duwatsu, gabas da hanyar Madina. An daɗe da daina haƙa a wurin. Abin da ya rage tulin ƙasa ne wadda aka niƙa, aka tace, aka zubar, shi ake biyansa ya tsare. Bara gwamnati ta tura lajna, wato kwamitin masu alƙalami, suka ƙirga ma'aikata, suka auna tulin, suka kafa masa turaku masu jan fenti. Wai da sauran zinariya a ciki, za a sake tacewa. Bana suka koma suka tarar an ƙwaƙule gefe guda. Suka ce maigadi ya sayar. Shi kuma ya ƙi buɗe baki.

In laifin ya zauna a kansa, tasfiri ne, a sa shi a jirgi a sauke a Kano. Yaron da na haifa a Jidda, Hausarsa ma rabi Larabci ce. Wa ya sani a Kano? Ni da na taso daga ƙasar Haɗejia da ƙafata ina amarya, yau in aka sauke ni can sai na yi tambaya.

Garin bai gama farkawa ba amma zufa ta riga kowa tashi. Masu ruwa suna ta sauri da garwa biyu a kafaɗa, an yi layi a wurin mai burodin tanda da wake, awaki suna cin takardar siminti a bakin sabbin gine-gine. Ko'ina gini ake yi yanzu a Jidda. Muka hau kwalta, manyan motocin tashar jirgin ruwa suna wuce mu kamar za su ɗebe mu.

A shingen farko askari ya leƙo ya ce iƙama, wato takardar izinin zama. Na kwance bakin zanina na miƙa masa. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton. Na ce masa ni ce, lokacin ina da haƙora aka ɗauka. Bai yi dariya ba. Ya daɗe riƙe da takardar, sannan ya cillo min ita ya ce yalla, mu wuce. Mai takarda ma ke nan.

Mun tsaya a gahawar garin Rabig, wato wurin cin abincin matafiya, irin mai dogayen gadajen igiya da sai tsohuwa ta yi dabara take hawa. Soyayyen kifi ne da jar shinkafa, kifin kuwa yanzu ya fito daga teku. Shayin da muke sha ƙirshi biyu a unguwa, a nan huɗu ne, kuma butar kamar ta wasan yara. Ni dai na ture nawa gefe. Direba ya cinye nasa ya janyo nawa, ya ce barin abinci haramun ne. A nan ne ya ga dama ya gaya min abin da ya ɓoye: gobe bayan azahar lajna za ta rufe takardunta ta koma Jidda, da yaron a bayan mota. Na ce to me muke yi a kan gado? Tashi!

Da muka bar kwalta sai duniya ta canja. Baƙin dutse ne iyakar ganinka, kamar an kife tukwanen duk duniya. Ba ƙasa, ba ciyawa, sai ƙaya ɗaya-ɗaya da raƙuma masu kallon raini. Motar ta tafasa sau biyu, muka ba ta ruwan shanmu. Wata Balarabiyar daji ta tare mu da man shanu a salka, direba ya tsaya ciniki, na ce in bai ja motar nan ba zan sauka in tura ta da kaina.

Mun isa la'asar ta yi sanyi. 'Yan ɗakunan kwano da katako ne a gindin dutse, yawanci namu ne Hausawa, da ƙaramin masallaci. A bayansu tulin yake, ya fi bene tsawo, fari-fari da ɗan rawaya. Na damƙi kaɗan a hannu. Laushi kamar garin da aka tankaɗe sau biyu. Wani ma'aikaci ya daka min tsawa na zubar.

A ɗakin ajiya suka kulle shi, kusa da ofis. Na tsaya a gefen taga, na juya masa ƙeya yadda ya kamata.

"Ka sayar?"

"Wallahi Inna ban sayar ba."

"To wa ya ɗiba?"

Sai ya ce, "Inna ki koma gida, halas, shi ke nan, abin da Allah ya rubuta."

Na ce abin da lajna ta rubuta dai nake tsoro, na wuce.

Matarsa ta tare ni da kuka, ta shimfiɗa min tabarma a ɗakinta. Da na cire takalmi sai tafin ƙafata ya ji wani abu da ya daɗe bai ji ba. Daɓe. Daɓe na gaske, sumul, mai sanyi, yana sheƙi, an shafe shi da ruwan bagaruwa. Rabona da irinsa tun ɗakin uwata. Na shafa na ce, kai, madalla da hannun da ya yi wannan, a ina kuka samo ƙasa a garin duwatsun nan?

Yarinya ta sunkuyar da kai. Maƙwabciyarta da ta shigo gaishe ni ta miƙe ta fita ba sallama. Na sake duban launin daɓen. Fari-fari da ɗan rawaya.

Na ce, "Ke, rufe ƙofa ki zauna."

Ashe tun bayan tafiyar lajna ta bara matan wurin suka fara. Yara suna rarrafe a kan tsakuwa gwiwa duk jini, kunama tana fitowa ta ƙarƙashin tabarma, ga tankaɗaɗɗiyar ƙasa a bayan gida an zubar ba mai so. Wace Bahaushiya ce za ta gani ta kau da kai? Suka yi ta ɗiba da tasa, suka sassaƙa madaɓai da katakon akwati, yau a yi wa wannan gobe a yi wa waccan, da waƙarsu da guɗarsu. Maigadi yana gani. Ya ce ai shara ce. Yanzu kuma in ya ce mata ne suka ɗiba, za a ce su wa, a kawo takardunsu. Rabinsu aikin hajji suka zo suka zauna ba takarda. Shi ya sa ya zaɓi a tafi da shi shi kaɗai.

Na sa aka tara min matan kafin magariba. Na ce gobe zan gaya wa lajna. Ɗaki ya ɗauki hayaniya. Wata ta ce na zo in ceci ɗana in halaka 'ya'yan wasu. Na ce ƙwarai ɗana na zo ceta, ba yawon buɗe ido ya kawo ni ba, amma ba zan kama sunan kowa ba. Babbarsu, wata dattijuwa 'yar Mai Wurno ta Sudan da suke kira Gwaggo, tana dai jan carbi tana kallona. Ita ko guntuwar takarda ba ta da ita, an ce tata ta mutu tun kafin a haifi jikokinta.

Da hantsi na shiga ofis ba a kira ni ba. Mutum uku a tebur: shugabansu mai tabarau, da injiniya, da magatakarda. Askari a bakin ƙofa da bindiga. Na yi musu da Larabcina na kasuwa. Na ce ƙasarku ba ta je ko'ina ba, tana nan ana kwana a kanta, ku zo ku gani.

Mai tabarau ya ce, "Wa ya kwashe ta, ya Hajja?"

Na ce, "Ƙasa kuka ɓatar ko mutane? Ƙasa na zo nuna muku."

Sannan na ƙara da cewa ɗakunan mata ne, ba a faɗa musu haka kawai, a ba su lokaci su rufe jiki su fita. Wannan kam ba Balaraben da zai musa. Matan suka lulluɓe har ido, suka kwashi yara suka taru a inuwar bayan masallaci. Abin da nake so ke nan, don ba a cewa mace ta buɗe fuska a gaban maza.

Aka fara awo. Injiniya yana jan igiyar awo daga bango zuwa bango, yana kafa ƙusa ya ga kaurin daɓen, magatakarda yana rubutawa. An fito da yaron yana biye da su, askari a bayansa. Ɗaki bayan ɗaki, rana tana hawa. Ni ina bin su ina karanta duk abin da na iya. Da aka gama na ƙarshe, injiniya ya zauna a kan dutse ya yi lissafinsa, ya girgiza kai.

"Bai kai ba. Da saura mai yawa."

Mai tabarau ya rufe alƙalaminsa. Ya ce to sauran shi aka sayar. Askari ya kama hannun yaron. Ni da kuka sani da baki, wallahi ga inda bakin ya kai ni. Na tona asirin mata, kuma ban ceci kowa ba.

Sai muka ji murya daga bayan masallaci. Gwaggo ce ta miƙe, ita kaɗai a cikin baƙaƙen lulluɓi, ta tako har fili. Ta ce da Larabcin Sudan, a ɗaga tabarmin masallaci. Ta ce wurin gangare ne, sai da suka cika shi kamu guda kafin ya daidaita, da harabar da ake sallar Juma'a idan an yi yawa. Ta ce ita ta sa aka yi, don goshin mazansu ya huta da tsakuwa.

Askari ya saki yaron ya nufe ta. "Wace ce wannan? Matar wa ce? Ina takardarta?"

Ba wanda ya motsa. Wani jariri ya fara kuka, uwarsa ta toshe masa baki da nono. Gwaggo tana tsaye, carbin yana rawa a hannunta.

Mai tabarau ya cire tabaran ya goge da gefen ƙyallen kansa, a hankali, kamar ba shi ake jira ba. Sannan ya ce, "An aiko mu ƙirga ma'aikata da auna ƙasa. Wannan tsohuwa ma'aikaciya ce?" Askari ya ce a'a. Ya ce, "To ba ta cikin takardata. A ɗaga tabarmin."

Aka ɗaga, aka auna, ƙusa ta nutse har kai ba ta taɓa dutse ba. Injiniya ya sake lissafi. Wannan karon ya gyaɗa kai.

Kada ku yi guɗa tukuna. Hukuncin da suka yanke shi ne, ƙasar gwamnati ta koma inda aka auna ta, duk, har ta masallaci. Injiniya ya ƙara da cewa da guba aka tace ta tun farko, bai kamata yaro ya yi rarrafe a kai ba, balle ya kai hannu baki. Maigadi kuma an cire shi daga gadi, tunda ya gani bai hana ba. An mayar da shi lebura, kuma shi zai kwashe ta da baro. Amma an miƙo masa iƙamarsa a gabana, ya karɓa da hannu biyu.

Na ƙara kwana don in taya su fasawa. Ban taɓa jin aikin mata shiru haka ba. Daɓen da aka yi da waƙa, da diga aka farfasa shi, matar ɗana tana yi tana share hawaye da gefen mayafi. Ba wadda ta kawo min ko ruwa. Da zan hau mota Gwaggo ta zo ta tsaya.

"Kin zo kin fasa mana ɗakuna, hankalinki ya kwanta?"

Na ce, "Ya kwanta. Ke fa, hannunki ya daina rawa?"

Ta ce, "Tsohuwar banza." Ta tura min ƙullin dabino a cinya ta juya.

Dawowa ba ta yi tsawon tafiya ba. A Rabig na ci kifina na ci rabin na direba. Muka shigo Jidda da yamma, warin teku da hayaƙin mota suka tare mu, na ce marhaba da gida.

Abin da na koyo, a ƙasar mutane ko shara da mai ita, kuma an rubuta ta. Wadda ta ga abu a yashe ta tambaya kafin ta kawo tasa. Na kuma koyi cewa bakina da kuke tsoro iyakarsa rabin hanya, wadda ba ta da takarda ce ta ƙarasa.

Yaron yana nan a ƙasar da aka haife shi, yana tura baro, bayansa na ciwo, alhamdu lillahi. Jikokina kuwa da 'ya'yan matan can sun koma kan tsakuwa. Direba zai sake tafiya ranar Asabar, na ce ya bar wuri a bayan mota. Duk wadda Allah ya hore wa, ta kawo abin da za a haɗa a sayi siminti. Kuma a karɓo rasit a wurin mai kanti, a aika musu da shi tare, su liƙa a bango.