Ma'aunin Yayana

A shekarun da Turawa suke kakkafa alamun iyaka tsakanin Illela da Konni, ni da yayana farauta muke yi da baka. Gidanmu kowa fatauci yake, mu biyu kaɗai muka lalace a daji, in ji mahaifiyarmu, ko da yake ban taɓa ganin ta mayar da naman ba.

Yayana yana da ma'auninsa na nisa, kuma shi ya koya mini. In baƙin layin gefen barewa kawai kake gani, tana taki sittin, bar kibiyarka a kwari. In ka fara ganin idonta, taki arba'in ke nan, sai ka ɗaga hannu kaɗan sama da kafaɗarta, don kibiya tana sauka a hanya. Shekara ashirin wannan awo bai ba shi kunya ba.

Wani rani sai kibansa suka fara wucewa ta saman bayan barewa. Ya zargi tsarkiyar bakan, ya canza ta. Ya zargi maƙeri. Har ya ce barewar Faransa ce, ba ta jin kibiyar wannan ɓangaren. Na yi dariya, amma abin yana cin raina, domin a duniya ba shi da abin taƙama sai hannun nan nasa.

Ran nan da hantsi, a wani fako bayan ƙauyen Lafani, muka ga wata tana kiwo. Ya yi ta rarrafe yana matsawa, har na ji tsoron za ta shaƙi warinsa. Ya saki, kibiya ta sake bi ta sama. Da barewar ta gudu, na taka daga inda ya durƙusa zuwa sawunta ina ƙirgawa. Ashirin da biyu.

Ya ce, "Nawa kas samu?"

Na ce, "Kai nawa kake tsammani, Yaya?"

"Arba'in na. Sai da nig ga idonta nis saki."

Nan na gane. Ganinsa ne ya ragu, sai ya zo dab da ita yake ganin idon, shi kuma yana ɗaga hannu irin na taki arba'in. Tausayinsa ya kama ni, na so in yi masa ƙarya. Amma in na ce arba'in, gobe wata tsarkiyar zai je nema.

Na ce, "Ashirin da biyu na, Yaya."

Bai yarda ba, ya taka da ƙafarsa har sau biyu. Sannan ya zauna a ƙasa, ya ɗora bakan a cinya. Ina jiran ya yi maganar farauta.

Sai ya ce, "Wata ukku ke nan ina hushi da ɗiyata. Da, in na taho daga daji, takan tsaya ƙohwar gida tana yi min murmushi tun daga nesa. Ni cewa nike ta bari."