Tukwanen Garar Goggo Ummuhani

Goggo Ummuhani, ƙanwar mahaifina, ta fi kowa a unguwarmu ta Garwa iya rainon 'yan tsakin zabi. Da gara take ciyar da su. Takan cusa busasshen kashin shanu da karan dawa a tsohuwar tukunya, ta yayyafa ruwa, ta kife ta a inuwar bayan ɗaki. Da safe in ta ɗaga, gara ta cika ciki, sai ta zazzage musu. Haka ta koya wurin mahaifiyarta a Yagwa, kuma zabinta ba sa mutuwa kamar na mutane.

A gidanta na sauka bayan na gama jami'a. Wata rana da azahar ina kwance, katakon rufi ya faɗo dab da kaina. Da na taɓa shi sai ya marmashe, cikinsa duk ƙasa. Har yau in na ji motsi a sama sai gabana ya faɗi.

Muka kira Guy, mai maganin ƙwari. Ya ƙwanƙwasa katakai, ya bi siraran hanyoyin laka a bango har gindin tukwanen. Ya ce gara ba ta son haske da bushewa. Gidanta yana ƙarƙashin ƙasa inda uwarta ke zuba ƙwai, kuma danshin tukwanen ne ya jawo ta jikin gini. Zai haƙa rami kewaye da gindin ginin, ya zuba magani, a sauya katakai. Amma duk tsakon da ya ci garar wurin bayan haka zai iya mutuwa.

"Dada, ko tukwane ko ɗaki," ya ce wa Goggo.

"To ɗana, su 'yan tsakin nan me za su ci?" Ta nuna ni da haɓa. "Takardar lisans ɗin Nazira ta jami'a?"

Ban yi dariya ba. Ta dube ni, ta dubi rufin. Can ta ce masa ya haƙa.

Ba ta bar sana'ar ba. Ta killace zabin, ta kai tukwanen wata gona kusa da kogin Binuwai inda akwai suri. Kullum da sassafe takan taka da ƙafa, ga ciwon ƙugu, ta dawo da tukunya a ka, ta rufe bakin tukunyar da zane. Wasu tsakin sun mutu kafin garar can ta fara shiga tukwanen. Sauran sun yi gashi.

Katifata kuwa ta ja ta zuwa ɗakinta ba tare da ta tambaye ni ba. Can nake kwana har yanzu.