Wuyan Mikail Ƙugiya

Duk wanda ya saba bin lungun da ya gangaro daga Dutsen Dala zuwa Kasuwar Kurmi ya san Malam Mikail mai ɗinkin buhu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon da in ka yi masa sallama daga gefe sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya kamar ƙyaure, domin wuyansa ba ya waiwaye. Yara na cewa haka aka haife shi. Manya na cewa buhun gyaɗa ne ya faɗo masa. Duk ba haka ba ne. Mutum biyu ne suka yi masa wannan aiki, kuma dukkansu aminansa ne.

A Dala aka haife shi, gidan maɗinka buhu tun daga kakansa. Da basilla ya tashi a hannu, da ita kuma ya sami aiki a wani kamfanin fatu da ƙiraga a Bompai. Turawan kamfanin suna da wani wasa da suke yi ranar Asabar da yamma, zari-ruga, da ƙwallo mai siffar gwanda, ana runguma ana gudu ana kayar da juna. Ba su kai adadi ba, sai suka riƙa jan leburori suna cike gurbi. Mikail gajere ne kakkaura, wuya kamar turmi. Ranar da manaja ya gan shi ya ɗaga dilar fata shi kaɗai, ranar ya zama ɗan wasa, ba tare da an tambaye shi ko yana so ba. Daga baya ya so abin fiye da masu shi.

A wasan akwai abin da 'yan wasa ke kira turereniya. Ƙarti takwas na wannan ɓangare su sunkuya su haɗa kafaɗa da takwas na wancan, a jefa ƙwallo ƙarƙashinsu, kowa ya yi ta turi. Sahun gaba mutum uku ne. Na dama da na hagu ana ce musu dirka, su ke ɗauke da ginin. Na tsakiya shi ne ƙugiya: ya rataya hannuwansa biyu a kafaɗun dirkokinsa, ya janyo ƙwallo da ƙafa. Hannuwansa suna can a bayan mutane. In gini ya rushe, ba shi da abin da zai tari ƙasa da shi sai kansa. Saboda haka dole dirka biyu su sunkuya tare, su shiga tare, kamar shanun huɗa. Mikail ƙugiya ne, har sunan ya bi shi.

Da Turawa suka yi ta raguwa bayan yaƙin basasa, wasan ya dawo hannun 'yan ƙasa. Aka riƙa zaɓo gwanaye daga Kano da Zariya da Kaduna da Jos, a haɗa ƙungiya ɗaya ta Arewa, su tafi kudu su kara. Sauran gurabe ana ta canza mutane, amma sahun gaba na Kanawa uku ne, ba mai taɓa shi. Mikail a tsakiya. A hagunsa Sabo, ɗan dako a Kurmi, mutumin Ƙofar Ɗan Agundi. A damansa Mustapha mai kanwa, wanda kakanninsa suka zo daga Borno, shi kuwa ko Kanuri ba ya ji sai na zagi. Mustapha ne ke ba da alama. In sun sunkuya sai ya ce, “Mu je,” su shiga kamar mutum ɗaya.

Sun je Ibadan, sun je Ikko, sun je Inugu. Sau ɗaya har Gana, a bayan babbar mota, suka isa da ƙafafu a kumbure aka lallasa su, suka dawo suna dariya. A jirgin ƙasa faranti ɗaya suke sa wa hannu, garin rogo da ƙuli-ƙuli, Sabo na cewa Babarbare ya fi kowa loma, Mustapha na cewa ɗan dako ba ya ƙoshi sai an ɗora masa tukunyar a ka. A ajin makaranta suke kwana, a kan benci. Ba wanda ya taɓa ba su ko sisi don wasan, ba su kuma nema ba. A Dala Mikail maɗinkin buhu ne kawai. A filin Ikko kuwa, ƙartin da suka fi shi tsawo da kai guda suna tambayar ko gajeren nan ya zo bana.

Sai soja suka ce za su koma bariki, aka buga gangar siyasa don zaɓen 1979. Kano ta ɗauki abin da zafi. Aka ga wa da ƙane sun raba ƙofar gida, aka ga wanda ya ƙi bin limamin unguwarsu salla. Sabo ya bi wata jam'iyya, Mustapha ya bi wata. Ba wanda aka yi wa alkawarin ko kujerar masinja a cikinsu. Hula kawai aka ba su da waƙa.

Wata ranar Lahadi ayarin jam'iyyar Mustapha ya bi ta Ƙofar Ɗan Agundi, aka yi jifa daga kan mota, aka fasa wa Ilu ƙanen Sabo kai. Sabo ya ce da idonsa ya ga Mustapha a kan motar. Mustapha ya ce lalle yana kai, amma hannunsa bai taɓa dutse ba. Daga ranar nan, gaba ta shiga tsakaninsu. Zaɓe ya zo ya wuce, jam'iyyar Sabo ta ci jihar Kano, ta Mustapha ta ci mulkin ƙasa a Ikko, manya suka hau kujerunsu, waɗannan biyu ba su sauko ba.

Da aka koma atisaye don tafiyar Ibadan, Mikail ya rataya hannuwansa a kafaɗunsu ya ji kamar ya rataya a kan bango biyu da ba su haɗu ba.

Sabo ya ce, “Ƙugiya, gaya wa mutuminka ya rage tsawo.”

Mustapha ya ce, “Ka ce masa ni ban ji kowa ya yi magana ba.”

Mikail ya ce, “Kunnuwanku fa a jikin nawa suke. Ni ɗan aike ne ko ƙugiya?”

Mustapha ya daina cewa “Mu je,” wai ba zai ba maƙiyinsa umarni a yi masa kunnen ƙashi ba. Ranar da ya daure ya faɗa, Sabo ya tsaya sai da ya ga dama, don kada a ce ya bi muryar ɗan waccan jam'iyya. Turereniya ta riƙa shiga a karkace. Sau biyu Mikail ya tashi da ƙasa a baki.

Ya sami Malam Mailafiya, malamin makarantar da ke horar da su, a gindin darbejiya bayan atisaye.

“Malam, ka cire ɗaya. Ko wanne ne. Ka kawo ko ɗan Jos ne a madadinsa.”

Mailafiya ya gyara tabarau. “Malam Mikail, ka san yanayin da ake ciki. In na cire Sabo, a ce na yi wa gwamnatin jiha zagon ƙasa. In na cire Mustapha, a ce da masu riƙe da Ikko nake faɗa. Wasa kuwa, ai shi ke haɗa kan al'umma. Wannan tafiya ma darasi ce ga ƙasa baki ɗaya.”

“Darasin a wuyan wa za a rubuta shi?”

“Haba, kada ka yi mana mugun baki. In sun ji usur za su manta.”

Mutumin da bai taɓa sa kansa a turereniya ba ke nan. Daga bakin fili yake tsayawa da farar riga, ya koma gida da ita fara.

Mikail ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya sami Sabo a Kurmi yana sauke buhunan gero. Sabo ya share gumi ya ce, “Wallahi Ƙugiya, ni da kai ba komai. Ko hannuna zai karye ba zan sake ka ba.” Ya sami Mustapha a rumfarsa. Mustapha ya dafa ƙirji ya ce, “Ɗan'uwa, in wani abu ya same ka a gefena, kada Allah ya bar ni.” Kowanne ya rantse a kan nasa gefen. Ba wanda ya ce zai saurari ɗaya gefen, shi kuwa wuya guda ɗaya ne.

Hajo matarsa ta ce masa yana ɗaure kaya, “Malam, mutanen da ba sa gaisawa za ka ba wa kanka su riƙe?”

“Sun rantse.”

“Rantsuwa ai ba ta da ƙashi. Ka ce ba ka da lafiya.”

Bai ce ba. Ya san in ya zauna wani za a sa, kuma wanda ya zauna sau ɗaya ba a sake kiransa. Shekarunsa sun fara ja. Bai shirya komawa maɗinkin buhu zalla ba, gaskiyar ke nan.

A jirgi Sabo ya shiga wannan tarago, Mustapha ya shiga wancan. Mikail ya ci garinsa shi kaɗai a tsakani. A Ibadan an kwana ana ruwa, fili ya zama taɓo. Wani babban mutum ya yi dogon jawabi a kan haɗin kai kafin a fara, ana riƙe masa lema.

Turereniyar farko ta shiga a karkace amma ta tsaya. Ta biyu ma haka. Bayan hutun rabin lokaci, a kusa da layin gidan 'yan Arewa, aka sake sunkuyawa. Mikail ya ce a hankali, “Don girman Allah, tare.” Mustapha ya ce, “Mu je,” ya shiga da dukkan ƙarfinsa. Sabo ya jinkirta, jinkirin da bai fi ƙiftawar ido ba. Ƙarti takwas suka afka wa gefen da ba kowa. Ginin ya murɗe ya kife, Mikail a ƙasa, hannuwansa na bayan aminansa, kowanne ya riƙe shi gam kamar yadda ya rantse. Ya ji ƙarar a cikin kansa, irin ta karan dawa in an taka.

Ya yi watanni a asibiti a can, kwance a kan katako. Ƙashin ya haɗe amma ya haɗe a sandare, hannun hagu kuma ya tafi da rabin ƙarfinsa. Ƙungiya ta dawo Kano ba shi. Mailafiya ya faɗa wa mutane cewa tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Kamfani ya ce ba a bakin aikinsu ya ji ciwo ba, suka sallame shi. Da aka dawo da shi gida, Sabo ya zo dubiya da safe, Mustapha ya zo da yamma, kowanne ya tambayi Hajo tukuna ko ɗayan na ciki. Sabo ya ce Babarbare ne ya yi gaggawa. Mustapha ya ce ɗan dako ne ya noƙe. Mikail yana kallon azara, don ita kaɗai yake iya kallo.

Ya koya wa kansa ɗinki da hannu ɗaya, yana danne buhu da gwiwa da yatsun ƙafa. Ya kafa tabarma a bakin lungu. Ƙungiyar ta ƙara tafiya ɗaya ko biyu, da wani ƙugiya, sannan ta watse ba wanda ya yi mata ko addu'a.

Ana gab da zaɓe na gaba manya suka sake rabon kansu. Wanda ya zagi wani jiya ya rungume shi yau a kan dandamali. Wata ranar Juma'a bayan an sauko, Mikail na zaune a zaure, sai ga Sabo da Mustapha tare, hula iri ɗaya, suna dariya tun daga waje. Jam'iyya ɗaya suke yanzu.

Suka yi sallama, ya amsa. Suka zauna a gefe, ya ce su dawo gabansa inda zai gan su.

Sabo ya ce, “Ƙugiya, ka ga mun shirya. Sharrin shaiɗan ne da siyasa.”

“Wa ya shirya ku?”

Mustapha ya ce, “Ai manya sun haɗe, mu mene ne namu?”

Mikail ya ajiye basilla. “Na bi ku kasuwa, na roƙe ku da girman Allah, da wuyana a hannunku, ba ku shirya ba. Wanda bai san sunanku ba ya canza hula, kun shirya.”

Suka sunkuyar da kai. Can Mustapha ya ce, “Abin da ya wuce ya wuce, ɗan'uwa. Yafiya muka zo nema.”

“A wurinku ya wuce. Ni da shi nake kwana, da shi nake tashi. A salla ma sai na juya kafaɗa nake sallama.”

“To ka yafe mana don Allah.”

“Ban yafe ba.”

Sabo ya ajiye ƙullin goro a gefen tabarma, suka tashi suka fita, wannan karon ba dariya.

Hajo ta leƙo daga cikin gida. “Malam, gaba fa ita ta kai ka nan. Kai ma ita za ka ɗauka?”

“Ni ba gaba nake ba. Sun yi sallama na amsa, gobe ma in sun yi zan amsa. In ɗayansu ya riga ni, zan bi gawarsa har maƙabarta.” Ya jawo buhun da gwiwa ya soka basilla. “Yafiya ce dai ban yi ba. Ita kaɗai ta rage a hannuna, ba kuma zan bayar don sun zo da baki ba.”