Ruwan Tsamiyar da Na Ɓata wa Baba

Ranar wata Juma'a cikin bazara, shekarar da naira ta fito, ina tsugune bayan kicin a wani gida a Nassarawa, ina gadin tulun ruwan tsamiya. Shekaruna ba su fi tara ba. Satin Baba ɗaya ke nan yana aikin kuku a gidan, kuma Hajiya matar gidan ta faɗa masa ƙarara cewa abincin baƙin ranar shi zai nuna ko za mu zauna a ɗakin baya, ko mu naɗe tabarminmu mu koma Gama, inda muke cunkushe a ɗakin ƙaninsa.

Giwan ruwa ya soya. Kafin wannan gidan, Baba ya daɗe yana dafa wa wani Bature ɗan ƙasar Sifen, wanda ba ya cin kifi sai da wata farar giya mai sanyi. Baba bai taɓa kai ta baki ba, Allah ya tsare, amma in an buɗe yakan ji ƙamshinta, kamar ɓawon lemon tsami da ɗanyen mangwaro. "Abin shansa haramun ne," in ji Baba, "amma dabarar halal ce. Maiƙo tsami yake so." Shi ne ya nemo nasa da tsamiya. Sabuwa ake zaɓa, mai haske, ba baƙar da ta shekara ba. A jiƙa ta da ruwan randa, ba a matsa ta, a tace sau biyu da farin ƙyalle har sai kana hango gindin kwano. Citta kaɗan, gishiri ɗan mitsitsi, sukari ƙwaya huɗu. In ka ci kifi ka kurɓa, baki ya wanke tas, kamar yanzu za ka fara ci. Ba ya tafiya da tuwo, ba ya tafiya da fura, sai abin da ya sha mai.

Aikina kawai in kori ƙuda, in riƙa yayyafa ruwa a kan buhun da aka naɗe tulun da shi don ya yi sanyi. 'Ya'yan direba suna 'yar gala-gala a gindin mangwaro, ni ina zaune ina haɗiyar yawu. Sai na tsoma ludayi na ɗanɗana, haƙorana suka mutu. Na ce a raina, mutane masu mota ne za su sha wannan? Ai Baba ya manta da sukari. Na lallaɓa kicin na zubo rabin kwali, na ɗauko ƙyallen na matse tsamiyar har ta ƙarshe don ya yi kauri, ina ganin na ceci gidanmu.

Ta taga na leƙa. Babbar baƙuwar ta kurɓa, ta ajiye kofi, ta ce, "Hajiya, wannan kukun naku yara ya saba yi wa girki?" Rabin kifin ya dawo kicin. Baba ya kurɓi sauran ruwan tsamiyar, ya dube ni ya daɗe, bai dake ni ba. Da ma dukan ya yi. Da Hajiya ta kira shi, bai ambaci sunana ba. Inna ta yi ta masa faɗa, ya ce mata, "Tulu nawa ne, ni na bar shi." Washegari muka ɗora kayanmu a amalanke.

Yau a Nassarawar nake, a gidan ɗana, ɗakina a gaba. Duk Juma'a sai na sa an soya kifi, na jiƙa tsamiya da hannuna, ƙwaya huɗu ba ƙari. Jikokina kuwa lemon kwalba suke korawa da shi, zaƙi a kan mai, su tashi suna cewa kifin ya ginshe su. Makon jiya na kama babbar da gwangwanin sukari a kan jug ɗina. Tsawar da na daka mata har maigadi ya leƙo. Ta ce, "Haba Kaka, gyara miki zan yi!" Ni ma haka na ce a raina ranar da na ɓata wa Baba nasa.

Shekara hamsin ina yin sa daidai. Wanda nake so ya kurɓa ya ce ya yi, ya daɗe a ƙasa.