Zif ɗin jaka a wandon Yaya

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina koyon ɗinki, ban da ranar da na saka wa yayana zif ɗin jaka a wando.

Lokacin ina shagon wata Madam a Sabon Gari, shi kuma yana karatu a Samaru. Yaya bai da aiki sai tsokanata. Ya ga ina tsefe ɗinki ya ce, "Telar ƙarya, yau kuma rigar wa kika kashe?" Wallahi abin yana ci mini rai.

Ran nan ya jefo mini sabon wandonsa na Turawa. "Ke, zif ya mutu. Gobe zan je gaida baban yarinyar nan da nake nema a Dogarawa, kar ki yi mini shirme."

Na ce, "An gama, Yaya."

Madam ta sha gaya mana zif ɗin wando yana da ɗan haƙori mai riƙe kansa, na jaka kuwa babu, da an ja shi sai ya zame. Na zaɓo na jaka, na ɗinka shi tsaf, har na goga masa kyandir don ya ƙara santsi. A tsaye lafiya lau. Amma wa ke gaida suruki a tsaye? Har na dawo gida ina dariya ni kaɗai.

Washegari da la'asar sai ga Yaya ya shigo yana kare gabansa da jarida, gumi sharkaf. Wai yana tsugunawa zif ya yi ƙasa, ya ja shi a sace, ya sake duƙawa amsa gaisuwa ya sake sulalewa. Sau uku! Dattijon ya kafe idonsa a silin, ƙannen yarinyar suna ƙyalƙyala a bayan labule. Na shige ɗaki na cusa fuska a filo, ina dariya har da hawaye.

Sai na jiyo shi yana gaya wa Inna a tsakar gida. "Ni ba kunyata ce ta dame ni ba. Wata uku ina cika musu baki cewa duk Sabon Gari babu mai hannun ƙanwata, har maman yarinyar ta yarda ita za a ba ɗinkin biki. Yau tana tambaya wa ya saka zif ɗin nan, na ce wani tela ne a Bomo. Ba ta yarda ba, Inna, na gani a idonta."

Nan take na daina dariya. Kunya ta rufe ni, na kasa fitowa.

An yi auren, amma ko ɗankwali ba a kawo mini ba. Sai da 'yarsu ta fari ta shiga makaranta na iya gaya masa da gangan na yi. Tun ranar na gane mai tsokanarka a gida, sau da yawa shi ke tare maka faɗa a waje, kuma muguntar da tela ya yi da allura, sunansa take fara hudawa.