Kasuwar da Ba Ta Ɗaukar Jininmu

An cuce mu a gidanmu, kuma ba zan sassauta maganar ba. Shekara talatin ina matsar man gyaɗa a Gazawa, ƙafata ba ta taɓa taka kasuwar Gangara ba, ga ta nan kusa da mu. Tun muna yara aka ce kasuwar ba ta ɗaukar jininmu, iskokinta ba su son mu, wanda ya shiga ba zai fito yadda ya shiga ba. Ubana ya mutu bai shiga ba. Wana ya taɓa gwadawa, tun bai kai ba jakinsa ya faɗi a hanya ya mutu, aka ce to ka gani. Bana kuwa man inji ya cika Gazawa, nawa na hannu ba mai kallonsa, alhali maƙwabtana da ke kai nasu Gangara, inda 'yan ƙetaren iyaka ke zuwa saye, da bido, jarkar man nan, wayam suke dawowa. Marayun ɗana huɗu ke ci a hannuna. Ni kuma tun da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata na ɗauki hali guda, in aka ce kar a yi, sai na ji dalili. Mutum ɗaya ta rage da za ta sani, goggona, yayar ubanmu, da ke aure a wani ƙauye bayan Cadakori.

Mun tashi da asuba ni da wata maƙwabciyata mai dangi a Tibiri. Jika biyu da rabi aka karɓa kuɗin mota zuwa Maraɗi, aka cusa mu biyar a kujerar mutum huɗu, ga wani bunsuru a ƙarƙashina yana ta ɗanɗana bakin zanena. A Agye muka karya da ƙosai mai zafi, amma da na sa a baki na san da man inji aka soya, maƙoshi ya gaya mini. Kaka ta yi. Dama da hagu dammunan gero ne, mata na tsinkar gyaɗa a gindin gawo, a Cadawa kuwa masu tallar aya suka yi wa motar zobe har direba ya rasa ta inda zai fita.

Kafin Maraɗi jandarma suka tsayar da mu duba katin ɗan ƙasa. Nawa lafiya lau yake, wanda ya karɓa ma sa'an ɗana ne, har da ce mini sannu inna. Duk da haka ban iya ɗaga ido na dube shi ba har ya maido mini katin. Haka ubanmu yake, in ya hango kaki sai ya shige ɗaki, ko da mai kakin ruwa ya zo sha.

Daga Maraɗi zuwa Tibiri hirar motar ta sake. Ba a maganar komai sai masu satar mutane da ke ƙetaro iyaka ta yankin Gidan Rumji. Ba mai kama sunan ƙauye, sai a ce can wajen, a nuna da haɓa. Wani dattijo ya ce duk inda za ki, kar magariba ta same ki a hanya. Maƙwabciyata ta sauka a Tibiri tana roƙona in kwana, na ƙi. A Cadakori na sha fura wajen wata Bafulatana, ta ce su ma sun matso da shanunsu bakin gari, daji ya daina kwanuwa. Na hau kabu-kabu jika ɗaya. Yashi ne zalla, sau biyu muna sauka muna turawa, kuma duk babur ɗin da ya ɓullo daga cikin karan gero sai in bi shi da ido har ya wuce.

Bayan azahar na isa. Goggo ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi, tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa da lalube. Ta shafa fuskata ta ce, "Ke ce mai bakin nan? An ce kin shiga lakol da jikoki. Mi kika koyo, ban da gardama?"

Sai da muka yi la'asar na yi tambayata. Hannunta ya tsaya cikin ƙwarya. Ta sa aka kori matan gidan, ta ce in duba bayan danga ko akwai kowa. Na duba, sai akuya. Sannan ta rage murya, da ƙyar nake ji.

Ashe kakanmu madugu ne, da jakuna sha huɗu yake fatauci. Gyaɗa yake kaiwa ƙasar Ingilishi, wajen Katsina, ya dawo da tufa da goro. Sai aka kawo wani kumandan na Faransa da ya haɗa baki da wani kanti. Ya hana fita da gyaɗa, ya ce kowa ya kawo tasa sikelin kantin a kasuwar Gangara, a kuɗin da suka yanka. Kowane buhu kumandan na da rabonsa, ban da gaisuwar rago da kaji da ake kai masa. Wanda ya kai gaisuwa mai tsoka, jakunansa su ƙetare ba a gan su ba. Wanda bai kai ba a ƙwace kayan a ce hukuma ta kama. Fatake da yawa suka sayar da dabbobinsu suka koma noma.

Kakanmu ya san awo, don ya saba da sikelin can. Ran wata kasuwa ya zo da dutsen awo da ya sayo a Katsina, ya ɗora a sikelin kantin a gaban jama'a, allura ta nuna abin da bai kai ba. Ya ɗaga murya ya ce to ga ɓarawon gyaɗarku. Kafin kasuwa ta watse gardawan kumandan, 'yan sandansa masu kaki, sun ɗaure shi a jikin tsamiya, rana ta ƙare a kansa. Goggo tana nan, tana 'yar ƙarama riƙe da zanen uwarta. Aka kore jakunan duka, shi kuma aka kai shi aikin tilas na fasa dutsen hanya. Tafinta ya yi shela cewa duk wanda aka gani a kasuwar nan daga jinin mutumin nan, ɗa ko jika, can zai bi shi. Bayan damina biyu ya dawo da tari, bai ƙara fatauci ba, igiya yake tufkawa har ya mutu.

Na ce, "Goggo, to iskokin fa?"

"Waɗanne iskoki? Innarmu ce ta ƙaga. Yaro za ki ce ma kumandan ya hana? Gobe ya faɗa a bakin rijiya, jibi a zo a ɗauke mu. Sai ta ce kasuwar ba ta ɗaukar jininmu, munka ji tsoro, munka zauna. Ubanku a goye yake, shi iskokin kaɗai ya tashi ya iske."

"Jakin wana fa?"

"Jakin da ya girmi mai shi? Ko masallaci aka nufa da shi mutuwa zai yi."

Na ce shekaru nawa Nasara suka tafi, me ya hana ta faɗa mana. Ta ce wa ya tambaye ta. Sai ta kamo wuyan hannuna da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba.

"Ke da kika yi karatu, kin tabbata sun tafi? An rubuta sunanmu fa, da idona na ga ana rubutawa. Takarda ba ta mutuwa, ɗiyata. Kar ki je."

Wannan ya fi labarin iskoki tayar mini da hankali. Aljani ana yi masa tofi. Mutumin da ƙila ƙashinsa ya ruɓe a ƙasarsu, har yau yana riƙe da tsohuwa makauniya a bayan rumbu, me za a tofa masa?

Na kwana, da hantsi na kamo hanya. Ban ga komai ba a dawowa, ko aya ban saya ba. Na isa Gazawa gab da magariba, jikoki suka tare ni suna neman tsaraba, na ba su gyaɗar da Goggo ta ƙulla mini.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, azzalumi ba jakuna kaɗai yake korewa ba. Jakuna sha huɗu an ci an manta. Amma ya rufe wa gida guda ƙofar kasuwa, ya tafi, mu muka zauna muna yi masa gadi kyauta har jika da tattaɓa kunne. Kuma sanin gaskiya bai cire mini tsoron ba. Ƙarya zan yi in na ce ya cire.

Washegari ranar kasuwar Gangara ce. Da na idar da asuba na cika bido biyu, na kai bakin hanya inda amalanken maƙwabtana ke lodi. Suka tsaya suna kallona, wata ta ce ko na manta 'yar gidan wa ce ni. Na ce yanzu ne ma na sani. Sannan na ce su matsa mini. Suka matsa, na hau.